Jirgin waya da gasar sauka kan jirgin ruwa: amsar tambayoyin da ake yawan yi mana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na tattara tambayoyin da ake ta yi mana ne a nan Bauchi a kan ƙananan jiragen nan da muke haɗawa muna tashi da waya, musamman ɓangaren gasar sauka kan jirgin ruwa, wanda shi ne ya fi shiga raina. Wasu a bakin fili aka yi min su, wasu a waya. Inda kuka ga na tsawaita ku yi haƙuri, a wurin aikin yake.

Malam, wai wannan ba shi ne duron ba?

A'a, ba shi ba ne. Shi wannan a ɗaure yake. Kana tsaye a tsakiyar fili da mariƙi a hannunka, siraran wayoyi guda biyu ko uku sun tashi daga mariƙin sun shiga fiffiken hagu na jirgin, shi kuma yana ta zagaye ka ta ɓangaren hagu, saɓanin hannun agogo. A cikin jirgin akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan noti, ana ce masa belkiran, wayoyin a jikinsa suke, daga shi kuma wata sandar ƙarfe ta tafi wutsiya ta kama elebeta, wato ɗan tafin nan na baya da ke ɗagawa da saukowa. Ka ɗaga wuyan hannunka jirgi ya yi sama, ka sunkuyar ya yi ƙasa, shikenan. Ba kyamara, ba ya zuwa ko'ina da ya wuce tsawon wayarsa. Wanda ya yaɗa abin a duniya wani Ba'amurke ne, Jim Walker, mutumin Portland a jihar Oregon, da jirginsa mai suna Fireball a 1940.

To ina ruwan jirgin ruwa a ciki, mu da ba mu da teku?

Ai ko su masu tekun a kan ciyawa suke yi. Sunan gasar Navy Carrier, kuma asalinta sojan ruwan Amurka ne suka riƙa ɗaukar nauyin babbar gasar ƙananan jirage ta ƙasarsu daga 1948 har zuwa 1972, a farkon lokacin ne aka ɓullo da wannan fanni don a kwaikwayi yadda jirgin yaƙi ke tashi da sauka a bayan jirgin ruwan dakon jirage. Ƙungiyar AMA ta masu ƙananan jirage a Amurka, mai hedikwata a Muncie ta jihar Indiyana ita ke riƙe da dokokin a can, 'yan Ingila ma suna yi da nasu tsarin.

Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa dandalin katako mai lanƙwasa daidai da zagayen, tsawonsa ƙafa 44, faɗinsa ƙafa 8. Ƙafa 24 na gaba wurin tashi ne, ƙafa 20 na baya wurin sauka, an gitta igiyoyi 10 a wurin, tsakanin kowace da 'yar uwarta ƙafa 2, kuma kowace igiya an ɗaure bakinta biyu da ɗan buhun yashi mai nauyin fam 5, kilo 2 da ɗan wani abu kenan. Duk abin da ba dandalin ba ruwa ne a dokar wasan. Taya ta taɓa ƙasa a waje, toh ka nutse, tashinka ya ƙare a nan.

Yaya ake cin maki?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya fahimta kafin ya yanka katako ko ɗaya, don ita za ta gaya maka irin jirgin da za ka haɗa.

Tashi ɗaya kashi uku ne. Na farko gudu: daga inda aka saki jirgin a kan dandali za a ƙirga maka zagaye 7 da agogo. Tsawon waya ƙafa 60 ne, wajen mita 18, don haka zagaye 7 rabin mil ne kusan cif, in ka raba 1800 da daƙiƙoƙin da ka yi zai ba ka gudunka a mil cikin awa, kuma kowane mil maki ɗaya ne. Na biyu tafiyar hankali: ka rage wuta, ka ɗaga hannu ka ba alƙalai alama, a sake ƙirga zagaye 7, yanzu so ake ka daɗe iya daɗewa ba tare da jirgin ya tsaya cak ko ya koma baya ko ya taɓa ƙasa ba, kuma hancinsa kar ya ɗagu ya wuce digiri 60. Makin wannan kashi a tsarin Amurka shi ne a raba babban gudunka da ƙaramin, a ninka sau 10. Na uku sauka: ka sake ba da alama, ka sako ƙugiyar da ke ƙarƙashin wutsiyar jirgin, in ta kama igiya jirgi ya tsaya a kan ƙafafunsa maki 100 ne, duk zagayen da ka wuce ba ka sauka ba bayan alamar a cire maka 5. Sai kuma makin kamanni, na cewa jirginka ya yi kama da wani jirgin sojan ruwa na gaske.

Yanzu duba lissafin nan da kyau. Ka ce ka yi zagayen gudu a daƙiƙa 24, mil 75 kenan, maki 75. Tafiyar hankali ka yi ta a daƙiƙa 120, mil 15, ka raba 75 da 15 ya ba ka 5, maki 50. In ka kashe kuɗi ka sayi inji mai zafi ka kai mil 85, abin da ka ƙara duka-duka bai kai maki 17 ba. Amma in ka bar injinka yadda yake ka zauna ka yi wa jirgin saiti har ya iya daƙiƙa 240 a tafiyar hankali, makin ya tashi daga 50 ya koma 100, ba ka sayi komai ba sai 'yar dalma da haƙuri. Shi ya sa wallahi raina ke ɓaci in na ga yaro ya tara kuɗinsa kaf ya zuba a inji, jirgin kuma a karkace, ƙugiya an ɗaure da zare. Gasar nan a saiti da sauka ake cinta.

Wane irin jirgi zan fara da shi?

Mai faffaɗan jiki, wanda suke kira Furofayil. Gangar jikinsa falanki ɗaya ne a tsaye, in ka kalle shi ta gefe jirgi ne sak, ta gaba kuwa siriri, inji da tanki da belkiran duk a waje suke kana ganinsu, in abu ya lalace hannunka zai kai. A dokar Amurka girman injinsa kar ya wuce .36 na inci kubik, kusan cc 6, kuma faɗin fiffike kar ya gaza inci murabba'i 300, misali tsawo inci 38 faɗi inci 8 ya wadatar. Akwai aji na 1 mai inji har .40 da aji na 2 mai kaiwa .65, su cikakken jiki ake musu kuma makin kamanninsu ya fi yawa, amma ba na mai koyo ba ne.

Jirgin da aka fi kwaikwaya shi ne Martin MO-1, wani tsohon jirgin leƙen asiri na sojan ruwan Amurka na shekarun 1920, saboda fiffikensa babba ne kuma kusan miƙaƙƙe, jikinsa ba kwana-kwana. Akwai masu yin Hellcat da Bearcat da Skyraider da Guardian. Corsair ya fi su kyau a ido, na yarda, amma lanƙwasasshen fiffikensa zai ba ka wahala, ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Ba mu da balsa a nan, da me za mu yi?

Balsa itace ne mara nauyi da akasari daga ƙasar Ikwado ake fito da shi, kuma ɗan uwan rimi ne a dangin itatuwa. Samunsa a nan sai oda, ga tsada. Amma ba a rasa abin yi ba. Obece, farin katakon nan mai laushi da ake kawowa daga kudu, su kansu Turawan Ingila sun daɗe suna sa shi a ƙananan jirage, ka je wurin 'yan katako a Muda Lawal ka ɗaga falanki-falanki da hannunka ka zaɓi wanda ya fi sauƙi kuma ya bushe, mara ido, a tsaga maka shi siriri. Shi za ka yi ƙashin fiffike da gangar jiki. Cikin fiffiken kuwa farin soson kwalin firij ko talabijin ya isa, a yanka shi da zazzafar waya a goge da sanfefa a rufe da takarda da gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa. Kar sufa gulu ya taɓa soson nan, narkar da shi yake, fentin gwangwani na feshi ma haka.

Hanci da inda ƙafafu da ƙugiya da belkiran suke, a nan kam ba rowa, filawud mai kyau gefe da gefe, da gam mai haɗi biyu irin Araldite, da noti. Sandar da ke tura elebeta sifok ɗin keke yana yi in ka yi masa magoyi a tsakiya don kar ya lanƙwashe lokacin turi. Wanda ya taɓa yin motar kara yana yaro ya riga ya san rabin aikin, ya san yadda ake fere abu a hankali, sai dai nan ma'auni da tebur mai shafaffen kai dole ne. A kan tsohon gilashin taga ake haɗa fiffike, don in ya bushe a murɗe ba saitin da zai gyara shi. Ka yi ƙoƙari duka jirgin kar ya wuce kilo 1 da rabi.

Injin mai ko na batir?

Gaskiya ta ita ce a yanayinmu batir. Ƙananan injinan nan ba fetur suke sha ba, kar ma ka gwada, man su haɗi ne na metanol da man zurma da ɗan naitiro, man zurman wajen kashi 20 cikin 100 don shi ne baƙin man injin. Samun metanol mai tsabta wahala ne, kuma guba ne, yana makanta mutum in aka sha, wutarsa ma da rana ba a cika ganinta ba. Ni ina son ƙarar injin da ƙanshin man zurma in ya ƙone, ba zan ɓoye ba, amma wanda zai fara ya nemi moto mara burushi da kwantirolarsa da batir LiPo mai sel 3 ko 4, kayan da masu duron ke oda ne, samunsu ya fi sauƙi. Kuma a tafiyar hankali moto ba ya mutuwa ba ya tari, inda ka ajiye totur nan zai tsaya, alhali injin mai in ya daɗe a silo yana iya shaƙewa daidai lokacin da ka buƙaci wuta.

Batirin dai a kula da shi. Cikakken caji bolt 4.2 ne kowane sel, in za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen 3.8, kar a bar shi a cikin mota ko but ɗin mashin a zafin Maris da Afrilu, kar a yi cajinsa a kan katifa a fita, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki.

Da me ake taka totur tunda hannu ɗaya ne a mariƙi?

Tsohuwar hanya ita ce waya ta uku. Akwai mariƙi na musamman mai kunama da ake ja da yatsa, da belkiran ɗinsa mai hawa biyu, wanda aka fi sani shi ne na J. Roberts, in ka ja kunamar wayar tsakiya ta motsa ta buɗe ko ta rufe kafireto ba tare da ta taɓa elebeta ba. Yana aiki amma saitinsa na son natsuwa, tsawon wayoyin uku dole su yi daidai. Hanya mai sauƙi yanzu ita ce waya biyu kawai, sai ka rataya rimot ɗin motar wasa mai zangon rediyo 2.4 GHz a ƙugunka kana jan kunamarsa da hannun hagu, shi yake ba moto wuta. Elebeta dai dole ta waya za ta bi.

Na haɗa jirgi amma yana ta sama da ƙasa ya ƙi tafiya a miƙe, mene ne?

Baya ya yi nauyi, kusan ko da yaushe shi ne. Ka sa batir ko ka bar tanki ba mai, ka ɗora jirgin a kan yatsunka biyu ta ƙarƙashin fiffike kusa da jiki ka ga inda yake tsayawa daidai. A tashin farko wurin ya kasance wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na faɗin fiffike daga gaba, wato in faɗin inci 8 ne, inci 1 da rabi daga bakin gaba. Mai nauyin hanci zai tashi, sai dai ya yi taurin kai wajen ɗagawa. Mai nauyin wutsiya kuwa kana ɗan motsa hannu ya zabura, ka gyara ya zabura ta ɗaya gefen, ƙarshensa ƙasa.

Daga baya in ka saba, za ka riƙa matsar da balansin baya kaɗan-kaɗan, don tafiyar hankali tana son jirgin da ke ɗaga hanci cikin sauƙi, amma milimita 3 a lokaci guda ba fiye ba. In balansi daidai ne kuma yana yi, duba lago a mahaɗan sandar turi, sannan ka rage tazarar wayoyi biyu a jikin mariƙi, hannunka zai rage kaifi.

Da na rage wuta sai waya ta saki jirgin ya nufo ni, ya zan yi?

Yawwa, ka zo inda gasar take. Duk wanda ya taɓa tseren keke na wanda ya fi kowa jinkiri ya san tafiya a hankali ta fi gudu wuya, nan ma haka ne. Abin da ke ɗaure wayar a lokacin gudu shi ne yadda zagayen ke wurga jirgin waje, kuma ƙarfin nan ba daidai da gudu yake raguwa ba, in gudu ya koma kashi 1 cikin 5 jan ya koma kashi 1 cikin 25. Daga mil 75 da jirgi ke neman cire maka kafaɗa zuwa mil 15, kusan ba abin da ya rage a hannunka. Waya ta saki kuwa ba ka da sitiyari. Don haka dole ka samo jan daga wani wuri, kuma wuraren su ne waɗannan.

Dalma a ƙarshen fiffiken dama, na waje kenan. Nauyin wayoyi yana jan fiffiken hagu ƙasa, dalmar ce ke rama masa. A jirgi mai tsawon fiffike mita 1 ka fara da giram 40 zuwa 60, ka yi mata ɗan akwati mai murfi don ƙari da ragi, gutsuren dalmar balansin taya da ake samu wurin masu faci tana yi sosai. Ka sa wani ya tsaya a waje ya durƙusa ya kalli jirgin yana wucewa: in yana ganin saman fiffike lokacin da jirgin ke ɗaya gefen zagayen, wato ya karkato ciki, a ƙara.

Karkata inji waje. Washa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kunnen gaba na injin, digiri 2 ko 3, hanci ya riƙa ja zuwa dama. Rada ta wutsiya, wato ɗan tafin tsaye da ke juya jirgi hagu da dama, ita ma a ɗan kauda ta dama. Amma ka sani duk abin da ka ƙara a nan yana cin gudunka a kashin farko.

Sai babban sirrin, silaida. Inda wayoyi ke fita a bakin fiffiken hagu ba a kafe shi ba, an ɗora shi a kan 'yar dogo da zai iya zamewa baya. Lokacin gudu yana kulle a gaba, ɗan bayan layin balansi kaɗan, jirgi na tafiya a miƙe ba ya jan iska. Da ka gama zagaye 7 sai ka ba da elebeta ƙasa gaba ɗaya na ƙiftawar ido, ko sabo, ɗan moton nan da rimot ke motsawa, ya ja fil ɗin, sakatar ta fita, roba ta ja silaidar ta koma baya can wajen bakin baya na fiffike ko ma bayansa. Nan take hancin jirgin zai juya waje, farfela ta koma tana jan jirgin nesa da kai, ka ji waya ta sake ɗaurewa a hannunka alhali jirgin kusan rataye yake a kan farfelarsa, hanci sama, wutsiya ƙasa, yana ja da ƙyar. A wannan hali totur ne ke riƙe tsayin, elebeta kuma ke riƙe kusurwar hanci, hannu biyu na aiki tare. Ranar da ka fara ganin naka ya yi wannan ba za ka manta ba.

Akwai ƙari ɗaya. Farfela ta yau da kullum tana murɗa jirgi zuwa hagu, wato ciki, duk lokacin da ka ba da wuta da ƙarfi. Masu gasa da yawa suna juya ta ta koma ɗaya hannun don murɗin ya koma waje. A moto abu ne mai sauƙi, ka musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku ka sa farfelar da aka yi don wannan juyin.

Roƙona ɗaya, dan Allah abu ɗaya za ka canza a kowane tashi, ka rubuta a littafi da daƙiƙoƙin da ya ba ka. In ka ƙara dalma ka matsar da silaida ka canza farfela a lokaci guda, ko ya gyaru ba ka san wanne ya gyara ba.

Ƙugiyata tana taɓa dandali ta yi tsalle ta haye igiya

Ba ta da mai danne ta. Ƙugiya ba a barinta tana lilo, sai an sa mata sifirin ko roba mai ƙarfi da zai riƙa tura ta ƙasa, kuma in ta sauko bakinta ya wuce layin tayoyi sosai. Ƙarfen ya zama mai tauri wajen milimita 2 da rabi, bakin a lanƙwashe shi ya buɗe gaba yadda zai ɗebi igiyar da ke kusan santimita 1 a saman katako. Dokar Amurka ta ce tsawonta kar ya wuce kashi 1 cikin 3 na tsawon jikin jirgin.

Ka kuma duba inda ka kafa ta. Jirgi mai kilo 1 da rabi zai tsaya ne cikin ɗan taƙi, buhunan yashi biyu suna jan ƙasa suna tayar da ƙura, duk wannan fizgar ta ƙugiya take bi. In a jikin soso ko siririn katako ka manna ta, wutsiya za ta zauna a igiya sauran jirgin ya ci gaba. A ratsa noti ta cikin filawud.

Ina zan sa ido lokacin sauka?

Tun kafin tashi ka yi alama a inda za ka tsaya, ka miƙa hannu a ja jirgin a ɗora a tsakiyar dandali a tabbatar waya ta miƙe, don taku ɗaya baya ko gaba ya isa ya sa taya ta faɗa gefe. Kar ka zo a rataye sosai, ka ɗan sauke hanci ka taho a hankali ƙasa-ƙasa, kamar tsayin gwiwa, da ka zo kan bakin baya na dandalin ka yanke wuta ka danna shi ƙasa. Igiya ta 3 ko ta 4 za ka nufa, in ka kuskure akwai saura a gaba. Ba a lallaɓa saukar nan, dasa shi ake yi, shi ya sa ƙafafun ke son ƙarfe mai kauri kuma a ɗan turo su gaba don kar ya kife a hanci.

Dole sai mun yi dandalin katako?

A'a. Cikakken dandali zai ci falankin filawud mai ƙafa 8 da 4 kusan 11, ga ɗauka ga ajiya. Ku samu shafaffen wuri, ku share tsakuwa, ku zana shi da toka ko farar ƙasa, ku dinka ƙananan buhuna 20 ku auna yashin a sikelin mai shago, igiyar shanya ta nailan ta isa, a ɗan ɗaga ta da guntun katako a gefe biyu. Fili kuwa faɗin filin ƙwallo ya wadatar, faɗin zagayen kansa daga gefe zuwa gefe mita 37 ne, a bar sarari a bayansa.

Iskar hunturu fa?

Ita ce babbar abokiyar gabar tafiyar hankali. A gefen da iska ke fitowa tana turo jirgin zuwa gare ka, a nan waya ke saki, don haka ka ƙara wuta kafin ka kai wurin, kar ka jira sai ta saki. Dandali kuma a sa shi a gefen da iska ke busawa daga bayanka zuwa jirgin. Mu da sassafe bayan asuba muke fita ko dab da magariba. Ƙura tana cin injin mai, a rufe bakin kafireto in ba a tashi, a goge wayoyi da tsumma kafin da bayan kowane tashi don in sun yi datti suna manne wa juna. A busasshiyar iska wayar ƙarfe kan tara lantarki ta ɗan ja ka a hannu, kar ka firgita ka saki. Sannan Bauchi tana kan tudu wajen mita 600 daga teku, ga zafi, iska ba ta da kauri kamar ta bakin ruwa, saitin da ka yi da sanyin safiya da rana tsaka zai nemi ƙarin wuta.

Jiri ba ya ɗibar mutum?

Yana ɗiba a farko, a gudun mil 75 zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa 4 ba. Ka kafa ido a kan jirgin kar ka kalli bishiyoyi da mutane, ka riƙa taku ƙanana, ka fara da gajeren tashi. Jiki na sabawa.

Akwai haɗari? Sai an nemi izini?

Akwai, kuma mafi girma wayar NEPA ce. Kana riƙe da ƙarfe mai tsawon mita 18, in ya taɓa ko ya kusanci babbar wayar wuta mutuwa ce, an rasa rayuka ta haka a ƙasashen da ake wasan. Filin da ke da turakun wuta kusa a bar shi ko da ya fi kowanne kyau. Hadari ya taso ana walƙiya a naɗe waya. Kafin tashi a riƙe jirgi wani ya ja mariƙi da ƙarfi a gwada, gara ta tsinke a ƙasa. A ɗaura igiyar mariƙi a wuyan hannu. Yara kuma za su taru, ba makawa, a sa babba ɗaya aikinsa kawai tsare layi, farfela tana yanke yatsa.

Izini kuwa, ka je ka gaida mai filin ko shugaban makarantar ko mai unguwa, ka nuna masa jirgin a hannu ya ga wayar ya ga ba kyamara. A halin tsaron da ake ciki mutane na da hujjar tsorata da abin da ke shawagi. Kusa da filin jirgin sama da barikin soja da gidan gwamnati kar a je sam.

Ɗana ɗan firamare ya dame ni, zai iya, Malam?

Zai iya Hajiya, amma ba da wannan zai fara ba. A yi masa ƙarami mai fiffiken falanki ɗaya da ɗan moto, waya biyu ta zaren kamun kifi mai ƙarfi, tsawon mita 8 zuwa 10, ba ƙugiya ba silaida. Babba ya tsaya a bayansa ya dafa hannunsa a zagayen farko, a koya masa ya miƙe hannu ya riƙa ɗaga shi gaba ɗaya daga kafaɗa maimakon murɗa wuyan hannu. In ya iya riƙe shi daidai tsayin kafaɗa har batir ya ƙare ya sauke lafiya, sai a ƙara masa totur, ƙugiya ta biyo baya.